Sauran Ƙwaya Goma

Ranar da aka yi sadakar arba'in ɗin Lukuman, matarsa Sauda ta dawo mini da kwanon tuwo yadda na kai mata shi, ko gefen malmalar ba ta taɓa ba. Ni ce Zulaiha, faccalarta. Maigidana Jibirin shi ne wan marigayin, kuma duk a gida ɗaya muke a Dugabau, gidan surukinmu Alhaji Ya'u mai sayar da hatsi. Abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba. A gabana aka yi, ina tsaye da ƙafafuna biyu, kuma ban tsinana abin kirki ba.

"Sauda, yau ma?" na ce da ita.

"Yaya, ba ƙi nake yi ba. Ba ya wucewa ne." Ta ɗora yatsu a tsakiyar ƙirjinta. "Nan yake tsayawa, ya yi ta ƙuna kamar na haɗiyi garwashi."

Na jawo ta bakin ƙofa inda haske yake, na ce ta buɗe baki. Harshenta da dasashinta har can cikin maƙogwaro wani farin abu ya lulluɓe su, guda-guda, kamar nonon da ya tsinke. Na sa bakin zani na goga kaɗan, sai wajen ya yi jajir. Na taɓa ganin irinsa a bakin mijinta kafin a tafi da shi birni.

Na je na gaya wa surukarmu, Inna Marka. Tana tsintar wake a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Zafin ciki ne. Yarinyar da mijinta ya rasu me kike so ta yi, ta zauna ta yi ta narkar tuwo? Ai wannan shi ne halin 'ya'yan mutunci."

Daga ranar rashin cin abincin Sauda ya zama abin ado a gidanmu. Duk matar da ta shigo gaisuwa sai Inna ta kai ta ƙofar ɗakin, ta ɗaga labule, ta ce a dubi yadda baƙin cikin ɗanta ya mayar da yarinya. Mata su yi ta jinjina kai suna cewa, "Allah sarki, irinki sun yi ƙaranci a wannan zamani." Ita kuwa tana zaune a tabarma da tsohon zani, ba kwalli ba mai, tana amsawa ƙasa-ƙasa yadda aka san mai takaba da yi. Ba wadda ta lura da ɗan gwangwanin da ta ɓoye a bayanta tana tofa yawu, saboda shi ma haɗiye shi ya zama aiki.

Abin da ya kashe Lukuman kuwa, suna ɗaya gare shi a gidan: taifot. Alhaji ne kaɗai ya shiga wajen likita a birni, shi ya fito da wata takarda ya ninke ya tura aljihu, shi ya ce taifot, sai kowa ya ce taifot. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kowa ya gyara zama, kowa kuma ya kafa kunne a katangar maƙwabcinsa. A wajen mutanenmu, duk wanda aka ce yana da ƙanjamau an gama kiransa mazinaci, shi da gidansu, ba mai tambayar ta ina ya same shi. Alhaji kuwa mutumin sahun farko ne a masallaci, wanda ake kira idan za a sasanta rigima.

Na sami Jibirin da maganar asibiti yana wasa fartanya.

"Takaba take yi," ya ce. "Wata huɗu da kwana goma ba ta taka ƙofar gida. In ta fita Baba da kansa zai kai ta."

"Malam, saura kwana casa'in fa."

"To ni na yanka kwanakin?"

Haka muka shiga tsakiyar damina. Daga tuwo Sauda ta koma fate, daga fate ta koma kunu, daga kunu ta koma tsinkakken kunu wanda ruwa ya fi gasara yawa, shi ma kurɓa uku sai ta riƙe ƙirji hawaye na zuba. Zoben da ba ya fita daga yatsanta ya faɗo da kansa wata rana tana alwala. Ba ta da ɗa a gidan da zai sa a dube ta, guda ɗayan da ta haifa bai yi shekara ba ya koma.

Ni kuma ina da ciki wata bakwai, shi ne kaɗai abin da ke fitar da ni daga gidan, don ana barina in je awo Gwarzo. A ƙaramin asibitin da nake zuwa akwai Naja'atu, malamar asibiti, tare muka yi firamare a garin Jama'a. Da ta gama auna ni sai na ƙi tashi daga kan bencin, na kwashe komai na gaya mata.

"Kin ce fari ne, in an goga ya yi ja? Kuma ƙirji na ƙuna in ta haɗiya?"

"Har ruwa."

"Mijin nata me ya kashe shi?"

"Taifot."

Ta dube ni ta saman tabarau har sai da na sunkuyar da kai.

"Zulaiha, abin nan wani irin fumfuna ne. A baki yake farawa, ya gangara hanyar abinci ya yi ta cin wajen, kuma ba ya kai haka sai in garkuwar jiki ta faɗi. Ban ce miki komai ba, tunda ban auna jininta ba, amma ke ba yarinya ba ce. Babban ciwon ba ni da yadda zan yi da shi, maganinsa sai birni, can ma sai mai rabo. Wannan na wuyan kuwa ba ya gagara. Ƙwaya ɗaya kullum, kwana goma sha huɗu, kafin mako ya zagayo za ki ga tana ci. In ba haka ba yunwa ce za ta riga ciwon. Ku kawo mini ita."

"Takaba take yi."

Ta ja tsaki mai tsawo. Ta ce ko an kawo ta ma ɗakin maganinsu ya zama wajen ajiye tsintsiya, watanni ke nan ba a aiko musu da komai ba, amma dai a gan ta da ido ya fi. Ta yagi takarda ta rubuta mini sunan maganin, fulukonazol, ta kwatanta mini kyamis ɗin da zan samu. Har na kai ƙofa ta kira ni.

"Ko ta ji sauƙi kada a tsaya a tsakiya, dawowa zai yi. In kuma ya kai ba ta iya haɗiyar ƙwayar, to sai a kwantar da ita a ba ta ta jijiya. Wannan kuwa ba a yin sa a ɗakin takaba."

Abin da na tara don kayan jariri shi na zazzage wa mai kyamis. Na ƙulle katin maganin a haɓar zani, takardar kuma na cusa ta cikin ɗankwalina, na hau mota ina jin kamar kowa ni yake kallo.

Da hantsi nake ba Sauda maganin, lokacin da Inna ke zagawa bayan gida ba awaki dusa. Ƙwayar farko sai da Sauda ta yi ta fama, ta haɗiya ta dawo, ta sake haɗiya tana dukan tabarma da hannu, kafin ta wuce. Ta biyu ba ta kai haka ba. A rana ta uku ta shanye kofin kunu tas, ta bi ni da ido kamar ba ta yarda ba. A rana ta huɗu ta ce, "Yaya, ƙamshin me nake ji?" Na ce tuwon dawa ne da miyar kuka. Ta ce in ɗan sammata.

Wallahi ban taɓa jin daɗin kallon mutum yana cin abinci kamar ranar ba. Tana yankar loma ƙanana, tana tsoma su sosai a miya, tana lumshe ido in sun wuce. Ta side kwanon, ta miƙo mini.

"Akwai ƙari?"

"Ke, mai takaba da neman ƙari? A ina aka taɓa yi?"

Sai ta yi dariya. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi ta fito ta koma ba, amma ita ce ta kashe mu. Labule ya ɗaga, Inna Marka tana tsaye da ƙwaryar dusa a hannu. Ta dubi kwanon, ta dubi bakin Sauda da maiƙon miya.

"Lallai. Ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba, har an fara shewa ana neman ƙari. Ashe duk na ganin ido ne."

Ta shigo tana bankaɗa kaya, wai sai ta ga abin da ake ɓoyewa a ɗakin ɗanta. A ƙarƙashin matashi ta zaro katin. Ta juya shi gaba da baya, ba ta iya karatu ba, amma ta san ba a gidan aka haife shi ba. Ta fita da shi a hannu.

Bayan la'asar Alhaji ya aiko kirana. Na durƙusa daga bakin ƙofar turakarsa, Jibirin na zaune gefe ya sunkuyar da kai. Katin yana hannun Alhaji, gurbi huɗu a fashe, goma a rufe.

"Wa ya ba ki izinin shigo mini da wannan gida?"

"Baba, maganin wuya ne kawai."

"Na san ko na mene ne. Irinsa aka rubuta wa marigayi a birni, ko launinsa bai sake ba."

Shi ma ya ji abin da ya fito daga bakinsa, don sai da ya gyara zama ya yi gyaran murya. Ni kuma ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

"Baba, likitan bai ce a kai matarsa a duba ta ba?"

"Ke!" Jibirin ya daka mini tsawa. Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Likita ba shi zai zauna a garin nan ba. Yarona yana kabari, ba shi da bakin da zai kare kansa. In aka ga matarsa a layin masu wannan ciwo, me za a ce ya aikata? Abin da ke cikinki, in mace ce, wa zai zo nemanta daga gidan da aka yi wa wannan tambari? Ni ba mugu ba ne, Zulaiha. Ta yi haƙuri ta ƙare takabarta, ni da kaina zan kai ta can nesa inda ba a san mu ba."

"To Baba a bar ta ta ƙarasa waɗannan. Kwana goma ne. Ba wanda zai gani."

"Yadda uwarku ta gani haka wata za ta gani."

Ya tura katin a aljihun gaba na rigarsa, ya ɗauki carbi. An sallame ni ke nan. A tsakar gida Jibirin ya ce awo ya ƙare, kuma in na ƙara taka Gwarzo in zarce gidanmu kawai, takardata za ta same ni a can. Bai taɓa yi mini irin wannan magana ba, kuma da yake faɗa bai iya haɗa ido da ni ba.

Kwana biyar Sauda ta ƙara tana ci. A na shida ta ce miyar ta yi yaji, alhali ko barkono ban sa ba. Kafin kwana goma farin ya dawo, ya fi na da kauri, har gefen leɓɓanta ya tsattsage. Inna ta koma ɗaga labule tana nuna wa baƙi, ta ma ce ai da shaiɗan ne ya so ya ɓata wa yarinya takaba, Allah Ya tsare.

Ana cikin haka wan Sauda, Ja'afar, ya zo daga Kutama a kan keke. Mahaifinsu ya rasu, shi ne babba, manomi ne wanda rigar fitarsa ɗaya ce. Da ya fito daga ɗakin ƙanwarsa idonsa ya yi ja. Ya sami Alhaji a zaure, ni kuma ina bayan ƙyaure da butar da aka ce in kai. Suka gaisa, ya gida, ya iyali, ya ruwa, ya ƙarin haƙuri, ya Inna, har na ƙagu. Daga nan Ja'afar ya tattaro ƙarfin halinsa.

"Alhaji, na ga jikin yarinyar nan. Na ce ko za a ba ni ita in kai ta asibiti. Na tambayi malaminmu, ya ce takaba ba ta hana mace fita neman magani."

"Gaskiya ya faɗa maka, haka yake a littafi. In lalura ta kai lalura. Wannan kuwa beli ne, hakin wuya, shi ya sauko ya tare mata hanya. Na riga na aika wa wanzami. Ko kana ganin ba ma kula da ita ne?"

"A'a, Alhaji, wane ni."

"'Yata ce. Abin da zan yi wa wadda na haifa shi nake mata."

Aka auna masa dawa aka ɗaure masa a bayan keke, ya yi ta godiya. Da zai fita ya wuce ta gabana, kusa da har zan iya taɓa rigarsa. Takardar Naja'atu tana cikin ɗankwalina. Abin da ya rage kawai in zaro in miƙa masa in ce Gwarzo. Na tuna maganar Jibirin, na ji abin cikina ya motsa, hannuna ya ƙi tashi. Na tsaya riƙe da buta har ƙarar kekensa ta ɓace. Wannan ba Alhaji ne ya yi ba, ni ce.

A makon ne wani sa da Alhaji ke kiwo ya ƙi cin harawa, yana ta dalalar da yawu. Kwana ɗaya aka ba shi. Washegari tun da sassafe Jibirin ya hau babur ya tafi Kabo ya ɗauko malamin dabbobi, aka buɗe bakin sa aka duba, aka yi masa allura, aka bar maganin da za a riƙa wanke masa baki safe da yamma. Turken yana jikin bangon ɗakin Sauda. Da na shiga ta ce da ni a hankali, "Ya jikin san?" Ba da gatse ta tambaya ba, shi ya sa na fita da sauri.

Wanzamin gidan, Mijinyawa, ya zo ranar wata Asabar da hantsi. Tsoho ne, shi ya yi wa su Jibirin kaciya, ubansa kuma shi ya yi wa Alhaji. Aka fito da Sauda tsakar gida aka zaunar a kan turmi, aka ce ni in riƙe kanta. Ya danne harshen da ɗan itacensa, ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa. Sai ya saki, ya miƙe, ya ja Alhaji gefe, amma muryar tsoho ba ta ɓuya.

"Alhaji, wannan ba beli ba ne. Belinta lafiya lau yake. Wannan ba aikina ba ne."

"Mijinyawa, yau kuma ni za ka koya wa ciwo? Na gaya wa 'yan uwanta beli ne, gari ya ji beli ne. Gidanku ke yi wa gidanmu aiki tun kakanni. In hannunka ya gaji ka faɗa, in nemo wani."

Tsohon ya juyo. Ya dawo ya buɗe zabira ya zaro askar nan mai lanƙwasa. Sauda ta ɗago ido ta dube ni daga ƙasa, ba ta yi gardama ba, ƙarfin gardamar ma babu. Na riƙe kanta a jikin cikina, na kawar da fuska. Ƙarar da ta yi ba ta fi ta ɗan akuya ba. Jini ya zubo a ƙasa, Inna ta yi hamdala ta ce ga mugun abu ya fita.

Abin da Mijinyawa ya yi bayan nan ban manta ba. Bai goge askar ya mayar zabira ba kamar yadda ya saba. Ya naɗe ta a tsumma, ya nemi hanyar masai, ya fito hannu wofi. Askar da ya gada a wajen ubansa ce. Ya wanke hannu da sabulu har sau uku, kuma da zai wuce ni ya ce ƙasa-ƙasa, "'Yata, ku kai ta asibiti." Kamar ni ce mai kaiwa.

Daga ranar ko ruwa ya daina wucewa sai ɗigo. Ga gyambon aska a sama, ga na ciwo a ƙasa. Ko da Alhaji ya buɗe aljihunsa a lokacin, ba ta hanyar da ƙwaya za ta bi, sai dai ta jijiyar da Naja'atu ta faɗa. Na durƙusa wa Inna, ta ce sabon yanka ne, zai warke. Na durƙusa wa Jibirin, ya ce saura kwana ashirin, in daina tayar masa da hankali. Alhaji kuwa ya sa aka yi mata rubutu aka kawo a kwano, aka ajiye a gefenta, ya kwana biyu a wajen ba a sha ba.

Auduga nake tsomawa a ruwa ina matsa mata a leɓe. Gero ya nuna a gona, aka fara kawo tumu gida ana gasawa, ƙamshinsa ya cika ko'ina. Na ja labule don kada ya dame ta, sai ta yi mini alama da hannu. Na kai kunnena bakinta.

"Kawo ɗaya kusa. In ji ƙamshin kawai."

Na kawo zangarniya ɗaya mai zafi na riƙe mata kusa da hanci. Ta lumshe ido ta ja numfashi.

"Yaya, tuwon ranar nan ya yi daɗi."

"Zan ƙara yi miki."

"Kwana nawa ya rage?"

"Goma sha ɗaya."

Ta yi lissafi da ido a rufe, sai ta girgiza kai kaɗan. Bayan kwana biyu, ranar Talata da hantsi, ina matsa mata audugar na ga ruwan ya gangaro ta gefen baki bai shiga ba. Saura kwana tara ta fita takaba.

Tsohuwa Yelwa ce ke wankan gawar mata a unguwarmu, ni aka ce in zuba mata ruwa. Da muka shiga ta kwance ƙullin zaninta ta fito da ledoji, ta zura hannuwanta ta ɗaure a wuyan hannu, ta miƙo mini biyu.

"Sa, ke da ke da ciki."

"Iya, na mene ne?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan garinmu.

"Haba 'yar nan. Tun wankan mijinta maza suka sa leda. Wa bai sani ba? A bakin rijiya an gama wannan zance tun shuka ba ta fito ba. Kawaici kawai ake yi wa Alhaji."

Na tsaya da ledoji a hannu. Ashe sirrin da aka tsare da ran Sauda ba sirri ba ne. Matan da ke jinjina kai a bakin labule sun sani. Wanzami ya sani. Masu gaisawa da Alhaji a sahun farko sun sani, sun kuma ci gaba da ba shi hannu, ba abin da ya ragu a girmansa. Kowa ya sani, kowa ya yi wa kowa kara, aka bar yarinya 'yar shekara ashirin da uku ta mutu da yunwa a gidan da rumbu huɗu ke cike da hatsi. Addini bai hana ta fita ba, malamai sun faɗa. Magani bai gagara ba, yana cikin gidan, taku ashirin daga tabarmarta. Da muka ɗaga ta, ni da tsohuwa muka iya, ba mu nemi ta uku ba. Ta tagar ɗakin ina jin Inna Marka tana gaya wa masu gaisuwa cewa baƙin cikin miji ne ya tafi da ita, ta ƙi ci ta ƙi sha har ta bi shi, su kuma suna cewa Allah sarki.

Ranar sadakar uku aka dama gumba, aka yi tuwo tukunya biyu, aka ci aka bar saura. Bayan mutane sun watse Alhaji ya aiko kirana. Na durƙusa a inda na durƙusa wancan karon. Ya rame, idonsa ya faɗa, kuma da ya yi magana muryarsa a sanyaye take. Ya buɗe akwatin ƙarfen da ke gefen gadonsa, ya ɗaga wasu takardu, ya zaro katin. Yana nan yadda yake, gurbi huɗu a fashe, goma a rufe.

"Ungo. Ban yar ba, magani ne, bai kamata ya lalace a banza ba. In kin koma awo ki kai wa ƙawar nan taki ta asibiti, ta ba wani mabuƙaci. Sadaka ce. Allah Ya kai ladan kabarin Sauda."

Ya miƙo, na sa hannu biyu na karɓa, yadda aka koya mini karɓar abu daga hannun babba. Ya tsaya yana jira, don addu'a ya yi, kuma addu'a ana amsa ta.

Na ce amin.